Sunan Da Za A Kira Abokin Gaba: Darasi Daga Boɗinga Da Shagari

Gabatarwa

Wata shekara da damina na bi wani kawuna zuwa zaman sulhu a wani ƙauye da ke tsakanin Boɗinga da Shagari. Abin da ya faru shi ne, shanu sun shiga gonar gero da dare sun yi ɓarna, da gari ya waye samari suka bi sawu har ruga, aka yi sare-sare, aka ji wa wani yaro makiyayi rauni. Hakimi ya tara dattawan gari da Arɗo da mutanensa a ƙofar gidansa. Da yake ni ne ɗan boko a wurin, sai aka miƙo mini takarda aka ce in rubuta abin da aka tattauna. Na fara da cewa: "Fulani sun yi wa manoma ɓarna, manoma kuma suka rama." Da aka ce in karanta a ji, ban kai ƙarshen layin ba sai wani tsoho ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, goge wanga. Ba Hillani sunka ci geron ga ba, shanun mutum guda na, ga shi nan zamne. Kuma ba manoma sunka sari yaron ba, samari ukku na, mun san uwayensu." Na goge, na rubuta sunan mai shanu da sunayen samarin. Kafin la'asar an ƙiyasta ɓarna, an yanke kuɗin magani, kowa ya kama gabansa.

Na daɗe ina tunanin wannan gyara da tsohon ya yi mini. Jimlar da na rubuta ba ƙarya ba ce tsagwaronta, amma da an bar ta a takarda, da babu wanda zai iya biyan wani, domin ba a cin "Fulani" tara, ba a kuma kama "manoma" da laifin sara. Daɗin daɗawa, kalmar "rama" da na sa ta riga ta wanke samarin tun kafin a saurare su. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa a rikicin cikin gida, sunan da mai shiga tsakani ya kira kowane ɓangare da shi rabin hukunci ne, don haka wajibi ne ya zaɓi sunan da kowane ɓangare zai iya amsawa ba tare da ya miƙa wuya ba, sa'an nan ya faɗi aikin da kowa ya aikata ba tare da rufa-rufa ba. Ƙasar Boɗinga da garin Shagari suna da tarihin da ya isa ya koya mana wannan.

Kalmomin rikici a Hausa

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu dubi kalmomin da muke amfani da su. Idan aka ce wa mutum "ɗan tawaye", an riga an yanke cewa akwai halattaccen shugaba, kuma shi ne ya fita daga ɗa'arsa. Idan aka ce "bore", abin ya fi sauƙi, domin mai bore sau da yawa yana da kuka, kuma ana sa ran zai huce. "Tarzoma" tana nuna hargitsin gayya marar shugaba, "fitina" tana ɗauke da nauyin addini, "rikici" kuwa ba ta ɗora laifi a kan kowa. "Basasa" ta samo asali daga yaƙin Basus na Larabawan jahiliyya, wanda dangi biyu, Bakar da Taglib, suka shekara da shekaru suna yi a kan raƙuma guda. Wanda ya ce "yaƙin basasa" ya yarda ke nan cewa 'yan gida ɗaya ne suke faɗa.

Haka abin yake a wajen aikatau. Idan namu ne suka faɗi, sai mu ce sun rasu, ko sun kwanta dama, ko sun yi shahada. Idan na wancan ɓangaren ne, sai a ce an hallaka su, ko an sheƙe su, kamar ana zancen macizai. Akwai kuma wakilin sunan nan "an", wanda yake ɓoye mai aiki. Idan namu suka yi kisa sai mu ce "an rasa rayuka", idan nasu suka yi sai mu ce "sun yi kisan gilla". Mai karatu zai ga cewa ana iya ɗaukar ɓangare a cikin labari ba tare da an yi ƙarya ko guda ba.

Amma Hausa tana da wata kyauta da ya kamata a lura da ita. Bahaushe yakan kira wanda yake gaba da shi "abokin gaba", wanda suke takara "abokin hamayya", wanda suka je gaban alƙali "abokin shari'a". Watau ko a cikin ƙiyayya bai cire kalmar "aboki" ba, domin ya san gaba abu ce da mutum biyu suke tarayya a cikinta, kuma tana iya ƙarewa. Har ila yau akwai ɗafin nan na "-awa", wanda yake jingina mutane ga shugabansu ko garinsu ba tare da yabo ko zargi ba. A yaƙin basasar Kano na 1893 zuwa 1895, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi da magoya bayansu suka ƙi yarda. A idon Sakkwato a lokacin, waɗanda suka ƙi ɗin masu saɓa umarni ne. Amma Aliyu Babba ya shiga Kano a 1894, daga baya Sakkwato ta amince da shi. Sunayen da tarihi ya riƙe su ne Tukurawa da Yusufawa, kuma da su ne jikokin ɓangarorin biyu suke iya ba da labarin a zaure ɗaya har gobe.

Sifawa da Boɗinga

Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bar Gwandu ya zauna a Sifawa, wadda take cikin Ƙaramar Hukumar Boɗinga a yau, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga, kusa da shi. A cikin waɗannan shekaru ne Jama'a ta fuskanci wata tambaya da ta fi ta zamanin yaƙi da Gobir wuya: mene ne sunan Musulmin da ya ɗauki makami ya yaƙi Jama'a, ko ya taimaki abokan gabanta?

Wannan tambaya ba ta ƙawa ba ce, domin a fiƙihu kowane suna yana da hukuncinsa. Wanda aka kira bagi, watau Musulmin da ya fita daga ɗa'ar shugaba bisa wani tawili, ana kiransa zuwa sulhu kafin a yaƙe shi, ba a bautar da iyalinsa, ba a mai da dukiyarsa ganima. Wanda aka kira muharibi, watau ɗan fashi mai tare hanya, yana da nasa haddi. Wanda aka kira kafiri ko mai ridda kuwa, hukuncinsa daban ne. Saboda haka kalma guda tana iya raba tsakanin ɗa da bawa. Suratul Hujurati ta yi magana a kan ƙungiyoyi biyu masu yaƙi da juna, ta kira su duka muminai, ta kuma yi umarni da a sulhunta su, a yaƙi wadda ta yi zalunci har ta dawo, sa'an nan a daidaita su da adalci.

A wajen shekarar 1812 Shehu da Malam Abdullahi suka saɓa a kan wannan mas'ala. Shehu ya bi fatawar Shehu Magili, cewa Musulmin da ya jiɓinci kafirai ya taimake su yaƙar Musulmi ya fita daga addini. Malam Abdullahi kuwa, a littafinsa Liya'us Sulɗan, ya tafi a kan cewa wannan saɓo ne babba, amma shi kaɗai bai isa a kafirta mutum ba. Shehu ya mai da jawabi a Najmul Ikhwan, ya kare matsayinsa, amma ya gina littafin a kan cewa abin da malamai suka saɓa a kai ba a tsananta wa mutane a cikinsa. Ba nufina ba ne in yi alƙalanci tsakanin waɗannan manyan malamai biyu, ban kuma isa ba. Abin da nake so mai karatu ya gani shi ne, mutanen da suke riƙe da takobi da nasara sun tsaya sun rubuta littattafai a kan sunan da ya halatta su kira abokin gabansu da shi.

A daidai wannan lokaci ne kuma wasiƙu suke kai da komowa tsakanin shugabannin Jama'a da Shehu Muhammadul Aminu Alkanemi na Barno. Alkanemi ya tambaye su da wace hujja suke yaƙar Barno, yana mai cewa saɓon da ake gani a ƙasarsa ana ganin irinsa a sauran ƙasashen Musulmi, kuma saɓo ba kafirci ba ne. Muhammadu Bello ya mai da martani mai ƙarfi, amma ya yi wani abu da ba kasafai mai nasara yake yi ba: ya kwafe maganar Alkanemi ya sa a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812. Ta haka ne muke iya karanta hujjar Barno da bakin Barno. Yau Fulani da Barebari abokan wasa ne, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawansa ana dariya.

Misali na uku ya fi ɗaci. Malam Abdussalami, wanda harin da Gobir ta kai wa mutanensa na Gimbana yana cikin abubuwan da suka kunna wutar jihadi, Bahaushe ne kuma almajirin Shehu. Bayan rasuwar Shehu a 1817 ya yi wa Muhammadu Bello bore daga Kware, yana kukan an tauye masa rabo kuma zalunci ya yawaita. Sun yi musayar wasiƙu, waɗanda Bello ya tattara a Sardul Kalam, amma daga ƙarshe aka yanke cewa ya haɗa kai da abokan gaba, aka ci Kware da yaƙi, ya rasu a 1818 sanadiyyar raunin da ya samu. Duk da haka ba a ɗora wannan suna a kan zuriyarsa ba. Ɗansa Buhari ya daidaita da Gwandu, ya kafa garin Jega, kuma Gimbanawa suke sarauta a can har yanzu. Da an ce duk Bagimbane ɗan tawaye ne har abada, da babu Jega kamar yadda muka san ta.

Ya kamata a ƙara da cewa mutanen Shehu suna kiran kansu "Jama'a" ne, kuma a cikinsu akwai Fulani da Hausawa da Buzaye, kamar yadda aka sami Fulani a rundunar Gobir. Turawan mulkin mallaka ne suka yawaita rubuta labarin a matsayin yaƙin "Fulani" da "Haɓe". Kalmar Haɓe kuwa ta Fulatanci ce, tana nufin waɗanda ba Fulani ba. Wannan rabon suna na ƙabila ya shiga littattafan makaranta, kuma muna girbar abin da ya shuka.

Wanda duk yake ganin sassauta suna rauni ne, sai ya tuna da sulhun Hudaibiyya a shekara ta 6 bayan Hijira. Wakilin Ƙuraishawa, Suhailu ɗan Amru, ya ƙi yarda a rubuta "Manzon Allah" a takardar yarjejeniya, yana cewa da sun yarda da haka ai da ba su yi yaƙi ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yarda a rubuta sunansa da na mahaifinsa kawai. Gaskiyar manzancinsa ba ta ragu da komai ba, kuma takardar ta sami hannu biyu.

Shagari da yaƙin basasar Nijeriya

Daga Boɗinga idan aka miƙa kudu a kan hanyar Jega za a isa Shagari, garin da aka haifi Alhaji Shehu Shagari a 1925. Rayuwarsa ta siyasa ta ratsa rikici mafi girma da ƙasar nan ta gani, kuma wannan rikici tun farkonsa har ƙarshensa yana tafe da gardamar suna.

A ranar 15 ga Janairu 1966 wasu hafsoshin soja suka kashe Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello da Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da wasu shugabanni da manyan sojoji. Mafi yawan hafsoshin Ibo ne, kuma nan da nan abin ya sami suna a bakin jama'a: juyin mulkin Ibo. Da sunan ya zauna, sai laifin mutane ƙidayayyu ya koma kan ƙabila ɗungum. A watan Mayu, da kuma Satumba da Oktoba na wannan shekara, aka kashe dubban 'yan kasuwa da ma'aikata da matan aure a garuruwan Arewa, waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Mu a nan mukan ce "lokacin araba", su kuwa a can suna kiransa kisan kiyashi. Kuskuren da tsohon nan ya hana ni yi a takarda, shi ne aka yi a ƙasa baki ɗaya.

Da Ojukwu ya yi shelar Biyafara a ranar 30 ga Mayu 1967, aka fara faɗa a watan Yuli, Gwamnatin Tarayya ta fara kiran abin "aikin 'yan sanda", don nuna cewa masu laifi ake kamawa a cikin gida, ba wata ƙasa ake yaƙi da ita ba. Tana kiran wancan ɓangare 'yan tawaye. Rediyon Biyafara kuwa yana kiran sojojin Tarayya maɓarnata. Masu shiga tsakani suka sami kansu a tsaka mai wuya. Idan suka rubuta "Biyafara" a takarda, Legas za ta ce sun amince da ita a matsayin ƙasa. Idan suka rubuta "'yan tawaye", wakilan Ojukwu za su tashi su fita. An zauna a Kampala a watan Mayu 1968, an zauna a Yamai a watan Yuli inda Shugaba Diori Hamani ya karɓi baƙuncin kwamitin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, an zauna a Addis Ababa a watan Agusta a gaban Sarki Haile Selassie. Mafitar da aka samu ita ce a riƙa cewa "ɓangarorin biyu". Wannan lafazi yana da asali a dokokin duniya, domin sashe na 3 na Yarjejeniyoyin Janiba na 1949 yana magana ne a kan "ɓangarorin da ke rikici", ya kuma bayyana cewa bin ƙa'idojinsa ba ya canza matsayin kowane ɓangare a shari'a. An yi haka ne don gwamnati ta iya barin a kai wa mayunwata abinci ba tare da ta ji an naɗa wa abokin gabanta rawani ba.

Amma fa lafazi mai laushi bai hana yaƙin ci gaba ba. A Monrobiya, a watan Afrilu 1969, tattaunawa ta watse a kan maganar "Nijeriya ɗaya", wadda Tarayya ta ce dole ta shiga takarda, wakilan Biyafara kuwa suka ƙi. A nan gardamar ta wuce ta suna, ta kai ga ainihin abin da ake yaƙi a kansa. Iyakar abin da suna nagari yake yi shi ne ya zaunar da mutane a tabarma ɗaya. Ba ya yanke musu shari'a.

Inda amfaninsa ya fi fitowa shi ne bayan an ajiye makamai. A ranar 15 ga Janairu 1970, da Philip Effiong ya miƙa wuya a Legas, Janar Yakubu Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, ya yi afuwa ga jama'a. Kowa ya san wanda ya yi nasara a fagen fama, amma an zaɓi kada a rubuta shi a goshin kowa. A wannan shekara aka naɗa Shehu Shagari Kwamishinan Tarayya mai kula da raya tattalin arziki da farfaɗo da wuraren da yaƙi ya ɓata, kafin ya koma ma'aikatar kuɗi a 1971. A 1979, shekara tara kacal da ƙare yaƙi, ya zama Shugaban Ƙasa tare da Dokta Alex Ekwueme, mutumin Gabas, a matsayin mataimaki. A 1981 ya yi wa Gowon afuwa a kan zargin da aka yi masa bayan yunƙurin Dimka na 1976, a 1982 kuma ya yi wa Ojukwu afuwa, ya dawo daga Kwaddibuwa bayan shekara goma sha biyu yana gudun hijira. Masu suka sun ce lissafin zaɓen 1983 ne, kuma lalle Ojukwu ya shiga jam'iyyar NPN ya nemi kujerar Majalisar Dattawa bai samu ba. Ko da haka ne, mutumin da aka shekara ana kira madugun 'yan tawaye ya koma ɗan ƙasa mai neman ƙuri'a, kuma ƙuri'a ta fi harsashi arha.

Sukar da ake yi wa wannan ra'ayi

Akwai masu cewa lafazin tsaka-tsaki munafunci ne, kuma yana daidaita azzalumi da wanda aka zalunta. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma tarihin da na kawo yana ba ta hujja. Bayan yaƙi, gidajen Ibo da ke Fatakwal aka sa musu suna "dukiyar da aka yi watsi da ita", alhali masu ita gudun rai suka yi, kuma da yawansu ba su sake samun gidajensu ba. Mutanen Gabas da suka yi hulɗa da asusunsu na banki a lokacin yaƙi fam 20 aka ba su, ko nawa suke da shi. Kisan fararen hula da aka yi a Asaba a watan Oktoba 1967 ya daɗe ba a ambatonsa. Maganar "babu wanda aka ci" ta zama bargo da aka lulluɓe wasu raunuka da shi ba a wanke su ba, kuma masu fafutikar Biyafara na yau daga nan suke ɗebo hujja.

Amsata ita ce, a raba tsakanin sunan mutane da bayanin aiki. Tsohon nan bai ce in rubuta "an sami saɓani" ba. Cewa ya yi in rubuta cewa shanun wane sun ci gero, su wane kuma sun sari yaro. Ya fi ni tsanani a wajen aiki, ya fi ni sassauci a wajen jama'a. Kisa sunansa kisa, ƙwace sunansa ƙwace, ko wane ne ya yi. Abin da mai sulhu zai guje wa shi ne sunan da yake yanke hukuncin abin da ake jayayya a kai tun kafin a zauna, da sunan da yake shafa laifin mutum a kan danginsa, da sunan da yake cire mutum daga sahun 'yan Adam. A Ruwanda, kafin kisan ƙare-dangi na 1994, sai da aka daɗe ana kiran Tutsi kyankyasai a rediyo.

Halin da muke ciki

Wannan magana ba ta tarihi kaɗai ba ce, domin wutar tana ci a jiharmu. Tun shekaru da dama ƙauyukan Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato suke fama da kisa da satar shanu da garkuwa da mutane, kuma tsoron abin ya iso kudancin jiha. Mun ba masu wannan aiki sunaye iri-iri: ɓarayin shanu, 'yan fashin daji, 'yan bindiga, 'yan ta'adda. A watan Nuwamba 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda, a Janairu 2025 kuma ta yi wa Lakurawa haka. Wanda ya ƙone gari ya sace mata ya sa wa manoma haraji, ba na ganin akwai zalunci a kiransa da sunan aikinsa. Ba shi da matsayin bagi mai tawili, ya fi kusa da muharibin da malamanmu suka bayyana.

Inda haɗarin yake shi ne yadda a kasuwa da tasha da Facebook ake musanya "ɗan bindiga" da "Bafillace" kamar kalma ɗaya ce, a rugage kuma ake musanya "ɗan sa-kai" da "Bahaushe". A watan Oktoba 2021 'yan sa-kai suka kashe Fulani a kasuwar Mamande ta ƙasar Gwadabawa, kuma a cikin wannan watan 'yan bindiga suka buɗe wa jama'a wuta a kasuwar Goronyo suka kashe mutane da dama. A wurare biyun, waɗanda suka mutu kasuwa suka je ci. Makiyayin da ɓarayi suka kore masa garke, sa'an nan ya shigo gari aka kira shi ɗan ta'adda saboda kamanninsa, an rufe masa ƙofa biyu, kuma ta ukun da ta rage ita ce daji. Manomin da aka kashe masa ɗa, sa'an nan ya ji ana kiran makasan "tubabbu" ba tare da sun mai da ko akuya ba, shi ma an tura shi ga gayya. Suna mai tsanani da aka shimfiɗa a kan marar laifi, da suna mai laushi da aka rufa wa mai laifi, duka biyun itace suke ƙara wa wutar.

Shagari kanta Fulani ne suka kafa ta, kuma a yankin nan da wuya ka sami gidan da babu jinin ɓangarorin biyu a cikinsa. Mai shirin raba mu gida biyu da suna sai ya fara raba kakanninsa.

Kammalawa

Mu ɗaliban Hausa ne za mu zama masu fassara labarai a gidajen rediyo, da malaman makaranta, da marubutan kotu da na majalisun sarakuna. Kalmar da muka zaɓa da safe a ɗakin labarai, da ita za a yi hira a majalisa da dare. Don haka ina ba da shawara huɗu. Ta farko, a kira kowane ɓangare da sunan da yake amsawa, ko a jingina shi ga shugabansa ko wurinsa, muddin sunan bai yanke hukuncin abin da ake jayayya a kai ba. Ta biyu, kada a sa sunan ƙabila ko addini a gurbin sunan mai laifi. Ta uku, a yi amfani da aikatau iri ɗaya ga gawar kowane ɓangare, kuma kada a fake da "an" idan an san wanda ya yi. Ta huɗu, kada a kira mutum tubabbe sai ya mai da haƙƙi, kada kuma a ci gaba da kiransa ɗan tawaye bayan ya mayar.

Bahaushe ya ce magana zarar bunu ce. Malaman da suka zauna a Sifawa da Boɗinga sun san haka, shi ya sa suka yi ta muhawara a kan kalma guda alhali takobi yana hannunsu. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su zauna da 'yan jarida da malamai da sarakuna su fitar da jerin kalmomin rikici da ma'anar kowace, yadda mai fassara zai san nauyin abin da yake ɗorawa a kan mutane kafin ya buɗe baki. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.